Da Me Za a Koya wa Yara Labarin Zuwan Turawa da Turjiyar Kakanninsu?

Tambayar da ke bakin malaman makaranta tun da aka ce tarihi ya dawo aji ita ce: da wane littafi, da wace hujja, kuma da wane irin harshe za a ba yara labarin yadda Turawa suka ci ƙasar nan da yaƙi? A Najeriya an fitar da tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun zangon karatu na 2009/2010, aka cusa ɗan abin da ya saura cikin darasin zamantakewa, daga baya aka yi ta shelar maido da shi, har a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ce ya zama wajibi daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. A Nijar kuwa maganar ta ɓullo ta wata ƙofa, domin a Oktoban 2024 an sauya sunayen wasu tituna da dandaloli a Yamai, titin Charles de Gaulle ya koma na Djibo Bakary, abin da ya ƙara rura muhawara kan irin tarihin da ya kamata yaro ya tashi da shi.

Mutane da yawa suna ɗaukar abin da sauƙi. Wasu na cewa babu kayan koyarwa ko kaɗan, sai an jira gwamnati ta buga sababbin littattafai. Wasu kuma na ganin labarin bai wuce jimla uku ba: Turawa sun zo, kakanninmu sun yi yaƙi, bindiga ta fi ƙarfin takobi. Duka biyun ba daidai ba ne. Kayan koyarwa suna nan jibge, da Larabci da ajami da boko da harsunan Turawa, sai dai ba a sauko da su daga ɗakunan ajiya da jami'o'i zuwa hannun malamin aji ba, kuma abin da ke cikinsu ya fi ƙarfin jimla uku.

Mamaya, mulkin mallaka da turjiya

Ya kamata ɗalibi ya fara rarrabe abu biyu. Mamaya ita ce yaƙin cin ƙasa, wanda a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ya ɗauki kimanin shekara goma, daga 1897 zuwa 1906, kodayake a tsaunukan Filato da ƙasar Tibi da Azbin an ci gaba da gwabzawa har bayan haka. Mulkin mallaka kuwa shi ne abin da ya biyo baya: haraji da jangali a sabon tsari, aikin tilas, Razdan da Di'o a ɓangaren Ingila, kwamandan da'ira a ɓangaren Faransa, har zuwa 1960.

Akwai wani kuskure da ya daɗe a allunan makarantu, wato cewa a taron Berlin na 1884 zuwa 1885 aka zana iyakokinmu. Abin da taron ya yi shi ne shimfiɗa ƙa'idojin da ƙasashen Turai za su bi wajen da'awar ƙasa. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta tsaga Gobir biyu, ta fito ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa, tun daga layin Sayi zuwa Barruwa na 1890, zuwa gyare-gyaren 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi daji aka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Yaron Jibiya ko na Birnin Ƙonni da ya san wannan zai gane dalilin da ya sa gwaggonsa take riƙe da takardar wata ƙasa.

Turjiya ma ba ta tsaya a fagen fama ba. Wanda ya ja daga ya yi turjiya, haka wanda ya kwashe iyalinsa ya yi hijira gabas, da wanda ya tsallake iyaka don gudun aikin tilas, da wanda ya ɓoye shanunsa daga masu ƙidayar jangali, da malamin da ya tsara waƙa ana rera ta a zaure. Idan aka taƙaita turjiya ga masu doki da takobi, an fitar da talakawa da mata da malamai daga tarihinsu ke nan.

Ƙashin bayan labarin

Kafin a kawo kowace takarda aji, dole yara su riƙe jerin abubuwan da suka faru. A farkon 1897 sojojin Kamfanin Neja na George Goldie suka buga da Bida da Ilorin. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga, wato Frederick Lugard, ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar mallakar ƙasar da mafi yawanta bai ma taka ba tukuna. Kwantagora da Bida da Yola suka faɗi a 1901, Bauchi a 1902. A Oktoban wannan shekara Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi, Lugga kuma ya sami hujjar da yake nema. Kanar Morland ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903 Sarki yana hanyar Sakkwato, aka sake karawa a Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada, sannan ranar 15 ga Maris aka yi yaƙin Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda bai cika wata shida a kan gado ba, ya kama hanyar gabas, jama'a suna ta barin gonakinsu suna bin sa. A Burmi an kori Turawa a karon farko cikin watan Mayu, amma ranar 27 ga Yuli suka dawo da ƙarfi, aka kashe Sarkin Musulmi da ɗaruruwan mabiyansa, su ma Turawa suka rasa jagoransu Manjo Marsh. Ɗan Sarkin Musulmin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ƙarasa da sauran jama'a har Sudan, kuma garin Mai Wurno yana nan a bakin Shuɗin Nilu.

Ta arewa kuwa Faransawa ne. An kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa daga kogin Kwara zuwa gabas yana ƙone garuruwa yana rataye mutane, ya fafata da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilu, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi cikin Mayu. A Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da su, ba a yi kwanaki ba sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine duka biyu a wajen Maijirgi, amma ragowar ayarin ya ci gaba, ya ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. Rabe, wanda ya ci Borno da yaƙi, ya faɗi a hannun Faransawa a Kusuri a Afrilun 1900. Shekara goma sha shida bayan haka Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disambar 1916 zuwa Maris ɗin 1917, kuma Turawan Ingila da ke Najeriya sun taimaka wajen murƙushe shi. Manhajar Najeriya ta saba tsayawa a bakin iyaka, ta Nijar ma haka, alhali yaƙin guda ne, kuma mutanen da aka yaƙa dangin juna ne.

Takardun Turawa: a karanta su, amma da ido biyu

Mafi yawan abin da ke rubuce da kwanan wata da adadi Turawan ne suka rubuta: rahotannin shekara-shekara na Lugga, rahotannin hafsoshi bayan kowane yaƙi, da littattafan larduna. Suna nan a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa. Ba a iya koyar da wannan babi ba tare da su ba, amma wanda ya rubuta su yana da wanda yake son ya gamsar a London. Shi ya sa a cikinsu yaƙi yake zama "kwantar da tarzoma", ƙona gari ya zama "ladabtarwa", sarki kuma ya zama ɗan farautar bayi a daidai lokacin da ake buƙatar dalilin kai masa hari.

Misalin da ya fi dacewa da aji shi ne wasiƙar da Lugga ya ce ta zo masa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a 1902, wadda a fassararta ta Turanci take cewa babu wata ma'amala tsakaninsu sai yaƙi. Da ita ya kafa hujja cewa Sakkwato ce ta fara shelar gaba. Amma D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya nuna a littafinsa na 1964 cewa akwai alamar tambaya a kanta, domin ba a ga asalinta na Larabci ba, kuma salonta bai yi kama da sauran wasiƙun fadar Sakkwato na lokacin ba. Malami zai iya ba ɗalibai fassarar wannan wasiƙa, ya haɗa musu da biyu ko uku daga wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, ya tambaye su: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, wa ya fassara, wa ya amfana? Darasi ɗaya irin wannan ya fi zango guda na haddar shekaru amfani, domin yaron da ya koyi yi wa takarda waɗannan tambayoyi zai yi su ga saƙon da ya shigo wayarsa.

Haka jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato a Maris ɗin 1903 lokacin naɗa Attahiru na biyu, inda ya ce Fulani sun sami mulki da yaƙi, yanzu kuma ya koma hannun Ingila da yaƙi, har da ikon naɗa sarki da tuɓe shi da ɗora haraji. Wanda ya karanta wannan ba zai ƙara yarda da cewa Turawa sun bar sarakuna da ikonsu ba. Binciken da Mahmud Modibbo Tukur ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka buga littafi a 2016, ya bi irin waɗannan takardu dalla-dalla ya nuna yawan sarakunan da aka tuɓe da yadda Razdan ya zama mai yanke magana.

Abin da mutanen ƙasa suka faɗa da bakinsu

Nan ne taskar take, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Bayan yaƙin Giginya manyan Sakkwato sun rabu biyu a kan tambaya ɗaya ta shari'a: a yi hijira ko a zauna? Sarkin Musulmi ya zaɓi hijira. Waziri Muhammadu Buhari ya koma gari, ya kuma rubuta risala yana bayyana wa ma'abota ilimi dalilinsa, cewa ya shawarci malamai suka ba shi fatawar halaccin yin mu'amala da mai rinjaye a zahiri, zuciya na ƙi, idan ana tsoron halakar jama'a. A risalar ana jin nauyin zuciyar mutumin da bai gama natsuwa da abin da ya yi ba. Ɗaliban babbar sakandare za su iya raba aji biyu, wasu su kare hujjar masu hijira, wasu ta masu zama, da sharaɗin kowa ya tsaya kan abin da mutanen 1903 suka sani, ba abin da muka sani yau ba. A ganina wannan ya fi a rubuta a allo cewa wane jarumi ne, wane maci amana, domin hukuncin da aka yanke kafin a saurari hujja ba ilimi ba ne.

Sai waƙoƙi. Akwai waƙar zuwan Annasara da ake dangantawa da Sarkin Musulmi Attahiru kansa. Akwai ta Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858 wanda ya zauna a Salga da Kete-Krachi a ƙasar Ghana ta yau har rasuwarsa a 1934, inda ya bi garuruwa da sarakuna ɗaya bayan ɗaya yana faɗin yadda Nasara suka shigo da lallami da sunan ciniki kafin su fito da ƙarfi. Akwai kuma waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawa suka naɗa, suka kuma tuɓe shi suka kai Lakwaja. Amfanin waƙa a aji shi ne yaro yana jin ta da harshensa, ba ya buƙatar tafinta, kuma malamin Hausa da malamin tarihi za su iya haɗa darasi a kanta.

Muryar da ta fi ba ɗalibai mamaki ita ce ta Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a 1949 zuwa 1950, aka buga a 1954. Baba ta ce su Haɓe sun so zuwan Turawa, Fulani ne ba su so ba, ta kuma ba da labarin yadda ake sace mutane a hanya a sayar kafin zuwansu, da yadda bayin gidansu suka watse bayan zuwansu. Ba dole a yarda da hukuncinta ba, amma ganau ce, kuma ba a goge shaidar ganau don ba ta yi mana daɗi ba.

Satiru, bayi da sojojin haya

Babin da malamai suka fi tsallakewa shi ne Satiru, ƙauyen da ke kimanin mil 14 daga Sakkwato. A Fabrairun 1906 mutanensa, talakawa masu aƙidar Mahadi, a cikinsu da bayin da suka gudo, tare da wani makahon malami da ake kira Ɗan Makaho wanda ya tsallako daga ɓangaren Faransa, suka tarwatsa rundunar sojan doki da gatari da fartanya da kibau, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu, aka kashe mutum kimanin 2,000, aka rushe garin. Abin da ke sa a yi shiru shi ne sarautar Sakkwato ta tsaya a gefen Turawa a wannan karo, har aka la'anci wanda zai sake gini ko noma a wurin. Wata guda bayan haka, a Afrilu, Sarkin Haɗeja Muhammadu ya mutu yana yaƙi a cikin birninsa. A shekara ɗaya, wani sarki ya taimaki Turawa, wani ya yi shahada a hannunsu.

Haka zancen su waye suka riƙe bindigogin. Rundunar da ta ci Kano ba ta kai mutum dubu ba, Turawan cikinta 'yan gommai ne, sauran duk 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa da wasunsu, riƙe da igwa da bindiga mai ruwa. Ɗaukar Hausawa soja ya faro tun 1863 a Ikko, kuma da yawa daga na farkon bayi ne da suka tsere. Argungu, wadda ta shekara kusan ɗari tana yaƙi da Sakkwato da Gwandu, ba ta ga Turawa da idon da Sakkwato ta gan su ba. Sarauniyar Lugu kuma ba Musulma ba ce, shugabar Azna ce. A wajen Filato an ci gaba da turjiya har 1916, lokacin da Montol suka kashe jami'in mulki a ƙasarsu.

Dole kuma a faɗi gaskiya biyu game da bauta. Bauta ta yi yawa a daular Sakkwato, wannan ba ƙagen Turawa ba ne. Amma Turawan da suka kafa hujja da ita ba su soke ta nan take ba: sun haramta ciniki da farautar bayi, suka ce 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901 'yantattu ne, amma ba a kashe bautar gaba ɗaya a doka ba sai 1936, kuma su da kansu suka kawo aikin tilas a layin dogo da ya isa Kano a 1911 da ramukan kuza na Jos.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu ra'ayin farko suna cewa ƙasa tana buƙatar gwaraza, yaro ya fara son Attahiru da Sarauniya da Kawusan kafin a koya masa tuhumar hujja. Suna da gaskiya ta wani gefe, musamman ga 'yan firamare, waɗanda labari da taswira da waƙa suka ishe su, ba kuma a buɗe musu bayanin rataya da sare kawuna. Masu ra'ayi na biyu suna tsoron tone-tone, domin a aji guda akwai jikan sarki da jikan bawa da jikan sojan Turawa, akwai Musulmi da Kirista, kuma a yankin da ke fama da masu ɗaukar makami da sunan addini, ambaton jihadi da Mahadi yana buƙatar taka-tsantsan. Wannan tsoro ma ba na banza ba ne. Sai dai shirun malami ba ya hana yaro jin labarin, zai ji shi a intanet daga bakin wanda ba ruwansa da hujja. Abin da ya fi shi ne malami ya kafa ƙa'ida tun ranar farko cewa ana hukunta aiki ne a zamaninsa, ba a ɗora wa ɗalibi laifin kakansa.

Fim da ƙagaggen labari ma suna cikin wannan saɓani. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 kan Sarauniya, da fim ɗin da Med Hondo ya yi daga gare shi a 1986, su suka kai sunanta duniya, kuma suna jan hankalin yara fiye da kowace takarda. Amma adabi ne, an ƙara an rage, rahoton Faransawa kuwa layuka kaɗan ya ba ta, mutanen Lugu kuma suna da nasu labarin. A nuna fim ɗin, sannan a tambayi ɗalibai wane ɓangare ne yake da madogara.

Abin da zai shafi malamai da iyaye

Gani ya kori ji, kuma kusan kowace jiha tana da wurin da za a kai yara ba tare da tsadar mota ba: Gidan Makama da ganuwa wajen Ƙofar Kabuga a Kano, filin Giginya da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, kaburburan sarakunan da aka kai Lakwaja, har da na Sarki Alu da ya rasu a can a 1926, fadar Damagaram, gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, da kaburburan Voulet da Chanoine a Maijirgi. Inda babu ko ɗaya, akwai tsofaffi. Waɗanda suka ga 1903 sun shuɗe, amma waɗanda suka ji daga bakinsu suna nan, haka waɗanda suka biya harajin En'e. Aikin gida da za a ce yaro ya tambayi kakarsa yadda aka yi jangali ko aikin tilas a garinsu, ya rubuto da Hausa, ba ya cin ko sisi, kuma yana sa iyaye cikin darasin.

Babban gibin shi ne malamai da harshe. Shekarun da tarihi ya yi ba ya cikin manhaja sun rage masu karanta shi a kwalejojin ilimi, don haka a makarantu da yawa malamin wani fanni ne za a miƙa wa darasin. Irin wannan malami ba zai je Kaduna ya tono fayil ba. Abin da yake buƙata ɗan ƙaramin kundi ne mai shafi talatin ko arba'in, da taswirar da ta haɗa ɓangarorin iyaka biyu, da guntayen wasiƙu da risalar Waziri da baitocin waƙa da shafi ɗaya na rahoton Bature, kowanne da fassarar Hausa da tambayoyi uku ko huɗu a ƙasansa. Sassan tarihi da na Hausa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai da Damagaram suna da mutanen da za su iya haɗa shi, kuma tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, kundi ɗaya zai iya yin aiki a Katsina da Maraɗi. Sai kuma hukumomin jarrabawa su yarda su riƙa kawo guntun takarda su ce ɗalibi ya auna ta, domin muddin tambayar jarrabawa ba ta wuce shekarar da Kano ta faɗi ba, malami ba zai koyar da abin da ya wuce shekarar ba.